Labarin King, Kamfanin Da Ya Yi Arziki Da Rashin Haƙurinmu

Makon jiya mun yi magana a kan yara da wayar iyayensu, kuma na bi sharhin da kuka ajiye a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai wata 'yar'uwa da ta ce ita matsalar gidanta ba yara ba ce, ita ce da kanta, domin sau biyu tuwo yana kama mata tana can tana jera alewa a waya. Ta rufe da tambayar da ta sa na zauna rubutun yau: wai su wane ne suka ƙirƙiro wannan abu, kuma me suke samu, tunda ita ko sisi ba ta taɓa ba su ba?

Kafin in amsa mata, bari in fara tona kaina, kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Shekarun baya wani abokin aikina ya koya mini dabara: idan rayukanka sun ƙare a wasa, sai ka tura agogon waya gaba, rayuka su cika nan take. Wani dare na tura nawa gaba da awa biyu da rabi, na ci gaba da wasa har barci ya sace ni, ban mayar da agogon ba. Ƙararrawar da na saita ƙarfe biyar da rabi ta buga, na tashi na hau tayar da yara a yi shirin makaranta. Sai da uwargida ta leƙa tsakar gida ta ga duhu, ta duba agogon bango, ta ce, "Malam, lafiya? Ƙarfe uku fa yanzu." Laifin nawa ne ba na kowa ba, kuma har yau ana yi mini tsiya da shi a gida. Amma tun ranar nake tambayar kaina: me ya sa magidanci da hankalinsa ya kasa jiran rabin awa?

Amsar tana cikin tarihin kamfanin da ya yi Candy Crush Saga. Sunansa King. Gyara zama ka ji.

Farkon tafiya

An kafa kamfanin a 2003 a Sitokhom, babban birnin ƙasar Suwidin. Jagoran tafiyar wani mutumin Italiya ne, Riccardo Zacconi. Ya yi aiki a wani kamfanin intanet na Suwidin mai suna Spray, kuma a can ya san wasu ƙwararrun kwamfuta da daga baya suka haɗa hannu da shi, cikinsu har da Sebastian Knutsson, wanda shi ne zai zama ƙashin bayan tsara wasannin kamfanin. Akwai kuma 'yan Ingila biyu. Ɗaya shi ne Mel Morris, ɗan kasuwar da ya zuba kuɗi, wanda masu bin ƙwallon Ingila za su tuna shi a matsayin tsohon mai ƙungiyar Derby County. Ɗayan kuwa Toby Rowland ne, ɗan Tiny Rowland na kamfanin Lonrho, wanda ya taɓa mallakar John Holt da iyayenmu suka sani a Kano da sauran garuruwa. Riƙe sunan Toby, za mu dawo kansa.

A lokacin babu iPhone, babu Android. Sunan kamfanin ma Midasplayer ne, kuma sana'arsa ƙananan wasanni ce da ake bugawa a shafin intanet ta kwamfuta. Mutum zai sa 'yan kuɗi ya shiga gasa da wasu, wanda ya fi maki ya ɗauki ladan, kamfani ya cire kasonsa. Su dai suna cewa gwaninta ce ke ba da nasara a ciki, don haka ba caca ba ce. Wannan muhawara ce ta wata rana.

Shekarar farko ta zo musu da wahala. Kuɗi suka ƙare, kamfani ya kai bakin rufewa, sai a jajiberin Kirsimeti na 2003 Mel Morris ya ƙara zuba jari ya ceto shi. Zuwa 2005 sun fara cin riba, har wasu manyan kamfanonin zuba jari biyu, Apax da Index, suka sayi kaso a ciki da dala miliyan 43. A shekarar ne kuma aka koma amfani da sunan King.

Daga nan suka shafe shekaru suna abu guda: su ƙera ƙaramin wasa, su ɗora a shafinsu da manyan shafuka irin su Yahoo, su zuba ido su ga wanne mutane ke komawa gare shi, wanne suke watsarwa. Sun yi wasanni wajen 200 ta wannan hanya. Yawancinsu babu mai tuna sunansu yau, amma kowanne ya koya musu wani abu game da halin ɗan Adam: tsawon lokacin da yake jurewa kafin ya gaji, irin launin da ke jan idonsa, da irin faɗuwar da ke sa shi ya ce bari in sake gwadawa. Sun kuma lura cewa da yawa daga cikin masu zama a shafinsu mata ne manya, alhali sauran kamfanonin wasa samari kawai suke hari.

Da kiɗa ya canza

Wajen 2009 sai ƙasa ta fara zame musu. Facebook ya yi ƙarfi, wani kamfanin Amurka mai suna Zynga ya fito da FarmVille, wasan noma da kiwo, jama'a suka yi ƙaura zuwa can. Masu ziyartar shafin King suka ragu sosai. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, saboda haka suka raba ma'aikatansu ƙananan ƙungiyoyi, kowace tana gwada yadda za a kai wasanninsu Facebook.

Abin da suka gano a 2011 shi ne ya sauya komai. Maimakon wasa mai zagaye ɗaya da za ka buga ka tashi, sai suka yanka shi mataki-mataki, suka jera matakan a kan taswira kamar hanyar tafiya, suka kuma ɗora hoton abokanka na Facebook a kan taswirar, kowa a inda ya tsaya. Wannan tsari suka kira Saga. Wasan Bubble Witch Saga da suka fitar a ƙarshen shekarar ya tabbatar musu sun kama bakin zaren. Ka duba hikimar da ke ciki: da can kana wasa ne kai kaɗai, yanzu kuwa ga ƙanwar matarka can ta wuce ka da mataki goma sha biyu, hotonta yana kallonka kullum.

A cikin wannan shekara ta 2011 Toby Rowland, wanda ya riga ya bar kamfanin tun 2008, ya sayar da kasonsa a kan kimanin dala miliyan 3. Shekara uku bayan nan, wannan kaso ya kai darajar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Babu wanda ya san gobe, kuma mutumin ya sayar ne a lokacin da kamfanin yake tangal-tangal. Sai dai abin lura ne a ce kamfanin da zai yi arziki da masu kasa jira, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi ya sauka ana saura ƙiris a iso.

Candy Crush Saga ya fito a Facebook a watan Afrilun 2012 da matakai 65 kacal. Dabarar jera abu uku masu kama ɗaya ba King ne ya ƙirƙiro ta ba, wasan Bejeweled na kamfanin PopCap ya yi suna da ita tun 2001. Abin da King ya ƙara shi ne alewa mai sheƙi, taswira, abokai, da iyakance yawan motsi a kowane mataki. A watan Nuwamba na shekarar aka kai shi wayoyin iPhone, a Disamba kuma Android, kuma aka yi shi yadda in ka tsaya a mataki na 40 a kwamfuta, za ka ci gaba daga nan a wayarka. Daga nan wasa ya bar kan tebur ya shiga aljihu, ya bi mutane cikin mota, layin asibiti, ɗakin girki da kan gado. Zuwa Janairun 2013 ya ture FarmVille 2 ya zama na ɗaya a Facebook, kafin ƙarshen shekarar kuma an sauke shi sau miliyan 500.

To ina kuɗin suke fitowa?

Nan ne amsar tambayar 'yar'uwarmu take, don haka bari mu tafi a hankali.

Wasan kyauta ake sauke shi. Babu wanda zai tare ka a ƙofa ya ce biya. Matakan farko kuwa masu sauƙi ne, kana taɓawa kana ci, alewa na fashewa, wata murya mai kauri tana yabonka. Wannan shi ne ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka a kan wuƙa, ɗanɗani haukaci. Sai ka yi nisa, ka saba, sannan za ka haɗu da matakin da zai tsayar da kai.

An ba ka rai biyar. Duk faɗuwa rai ɗaya ya tafi, kuma sai bayan minti 30 ɗaya zai dawo. In sun ƙare, hanya uku ce a gabanka: ka jira, ka roƙi abokai su turo maka, ko ka biya. Ka tuna lokacin da saƙonnin neman rai suka addabi kowa a Facebook? Ba haɗari ba ne. Duk wanda ya zaɓi roƙo ya zama ɗan tallan kamfani ba tare da an biya shi ba, domin kowane saƙo gayyata ce ga wanda bai fara ba. A shekarun farko, ko tsallakawa daga wani rukunin matakai zuwa na gaba sai abokai uku sun ba ka tikiti, ko kuwa ka sa hannu a aljihu.

Wurin da ya fi kawo musu kuɗi kuwa shi ne lokacin da ka kusa ci. Ka kwana uku a mataki ɗaya, yau ga shi saura alewa biyu ka gama, sai motsinka ya ƙare. Nan take allo zai tambaye ka: kana son ƙarin motsi biyar? A farko kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba. Ka ga ba a yi maka tayin lokacin da hankalinka ke kwance ba, sai daidai lokacin da zuciyarka ta ɗauki zafi, kana ganin nasara da idonka. Da wani zai tare ka da safe ya ce kawo kuɗi in sayar maka motsi biyar, dariya za ka yi masa. Amma ƙarfe goma sha ɗaya na dare, saura alewa biyu, lissafi daban ne. Daga baya ma aka shigo da sandunan zinare na cikin wasa: ka sayi zinare da kuɗinka, sannan ka riƙa biya da zinare, yadda ba kowane lokaci za ka ji zafin fitar kuɗi ba.

Kuma babu matakin da aka bari haka nan. Kamfanin yana ganin alƙaluman kowane mataki: mutum nawa suka faɗi, sau nawa, nawa suka yi fushi suka daina gaba ɗaya. In mataki ya yi tsaurin da yake korar mutane, sai a sassauta shi. Abin da ake nema shi ne wahalar da za ta ɓata maka rai amma ba za ta kore ka ba. Waccan shekara takwas da suka yi suna kallon mutane a wasanni 200, a nan ta yi musu rana.

Yanzu ga alƙaluman. A 2012 kuɗin shigar King dala miliyan 164 ne. A 2013 ya koma dala biliyan 1.88, wato sama da dala miliyan 5 kowace rana, ribar da ta rage bayan an cire komai kuma dala miliyan 568. Ma'aikatansu a ƙarshen shekarar 665 ne, ba su kai ɗaliban wata makarantar sakandare ɗaya ba. A watan Disambar 2013 mutum miliyan 93 ne ke buɗe Candy Crush a kowace rana.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne masu biya ba su da yawa. A takardun da kamfanin ya fitar da kansa, cikin mutum ɗari da ke wasa a wata, kusan huɗu ne kawai ke sayen wani abu. Har wani babban jami'insu ya taɓa bayyana cewa kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka kai matakin ƙarshe a lokacin ba su biya ko kwabo ba. Saboda haka 'yar'uwarmu tana cikin mafi rinjaye. Sai dai da yayyafi kogi kan cika: huɗu cikin ɗari na mutum miliyan 300 mutum miliyan 12 ke nan. Sauran 96 kuma ba zaman banza suke yi wa kamfani ba. Su ne ke cika taswira, su ne ke tura gayyata, su ne ke riƙe wasan a saman jerin manhajoji inda sabon mai waya zai gan shi. A 2013 King ya cire talla daga wasanninsa, amma bayan wasu shekaru ta dawo da sabon salo: ka kalli talla a ba ka ɗan taimako. Wanda bai biya da kuɗi ba sai ya biya da ido, da data, da caji. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kasuwa ta yi shakka

Ranar 26 ga Maris 2014 King ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka. An sa kowane hannun jari dala 22.50, abin da ya kai darajar kamfanin kusan dala biliyan 7. Kafin a tashi kasuwa a ranar farko ya faɗo zuwa dala 19. Masu kuɗi suna da dalilinsu. Kusan kashi 78 cikin ɗari na cinikin kamfanin daga wasa ɗaya yake fitowa, kuma sun ga yadda ta kaya da wasu. Zynga ya sayi kamfanin da ya yi wasan Draw Something da kuɗi masu yawa a 2012, yayin wasan ya wuce cikin 'yan watanni, a shekara mai zuwa aka rufe kamfanin. Kowa yana tsammanin alewa ma yayi ce, za ta wuce.

A daidai wannan lokaci kamfanin ya jawo wa kansa surutu, da ya nemi a yi masa rajistar kalmar Candy a Amurka ta zama tambarinsa a harkar wasanni. Ƙananan masu ƙera wasa suka yi ca a kansa, suna cewa yaya za a yi mutum ya mallaki kalmar da kowa ke faɗa. A farkon 2014 ya janye buƙatar.

Abin da ya yi don amsa masu shakka shi ne ya daina ɗaukar Candy Crush a matsayin kayan da aka ƙera aka gama. Ya mayar da shi kamar wasan kwaikwayo mai dogon zango, wanda ake sakin sabon kashi duk mako. Sababbin matakai suna fitowa ba fashi, yadda duk saurinka ba za ka ga ƙarshe ba. Ya kuma haifa masa ƙanne: Soda Saga a 2014, Jelly Saga a 2016, Friends Saga a 2018.

A watan Nuwambar 2015 Activision Blizzard, masu wasan yaƙin nan Call of Duty, suka sanar da sayen King a kan dala biliyan 5.9, wato dala 18 kowane hannun jari, ƙasa da farashin da ya shiga kasuwa da shi. Wasu sun ce an yi asara, an sayi tsohon yayi. Lokaci ya nuna akasin haka. A watan Satumbar 2023, da kamfanin ke cika shekara 20, ya sanar cewa Candy Crush da ƙannensa sun kawo sama da dala biliyan 20 tun fitowarsu, matakan da suka fara da 65 kuma sun doshi 15,000. Wata guda bayan nan Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard gaba ɗaya a kan dala biliyan 68.7, kuma shugabannin sashen wasanninsa ba su ɓoye ba cewa samun gindin zama a wasannin waya yana cikin manyan dalilansu. Wato yau, idan uwargida ta jera alewa uku a Gusau ko Maraɗi, da kamfanin da ya yi Windows take hulɗa.

Abin da ya shafi gidanka

Ba na so ka tashi daga wannan karatu da tunanin cewa wasa haramtaccen abu ne ko masu yinsa 'yan damfara ne. Mutanen sun yi aiki, sun faɗi sun tashi, kuma akwai darasi a wurinsu ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja: shekara tara suka yi kafin su dace, kuma sun dace ne saboda sun kula da mutanen da wasu suka raina. Wasan kansa babu zubar da jini, babu batsa, kuma ga mai jiran layi ko mai jinya yana ɗebe kewa. Tun fil azal muna da dara da langa da 'yar carafke, ɗan Adam bai taɓa rabuwa da wasa ba.

Bambancin shi ne dara tana da ƙarshe. In rana ta faɗi ko abokin karawa ya tashi, an tashi. Wannan kuwa an gina shi ne kada ya ƙare, kuma a bayan allon akwai ɗaruruwan ƙwararru da albashinsu ya dogara da dawowarka gobe.

A 2019 wani babban jami'in King ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya da ke binciken yadda fasaha ke kama mutane. Ya shaida musu cewa matsakaicin mai wasa yana yin minti 38 a rana, sannan mutum sama da miliyan 9 suna yin awa uku ko fiye a kullum. Ya kuma ce an taɓa samun wanda ya kashe dala 2,600 a rana ɗaya. Ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Minti 38 a rana ya haura kwana 9 cur a shekara, dare da rana. Awa uku a rana kuwa kwana 45 ne, wata ɗaya da rabi. Da za a ce miki, uwargida, ki ba da wata ɗaya da rabi daga shekararki ga wani kamfani a Turai, za ki ce a'a. Amma da yake minti biyar-biyar ake karɓa, ba a jin fitarsa.

Ga abubuwan da muka gwada a gidanmu, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Na farko, ka mayar da rai biyar ɗin nan iyakarka. In sun ƙare, wasa ya ƙare, a ajiye waya. Kada ka taɓa agogo, kada ka roƙi kowa, kada ka tsallaka zuwa wani wasan kana jiran wannan ya cika. Kamfanin ya sa jiran ne don ya matsa maka ka biya, kai kuma kana iya mayar da shi ƙararrawar tashi. Duk ranar da ka ga ka kasa, to ka san abin ya fara fin ƙarfinka.

Na biyu, ka duba gaskiyar lokacin da kake ci. Wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin da ke nuna minti nawa ka yi a kowace manhaja, kuma kana iya sa iyaka a can. Kada ka yi ƙiyasi da ka, domin kowa ragewa yake yi. Ni da na duba nawa a karon farko, sai da na ji kunya.

Na uku, ka kashe sanarwar wasa. Saƙon da ke cewa rayukanka sun cika kira ne, kuma ba dole ba ne a amsa kowane kira.

Na huɗu, in akwai katin banki a haɗe da wayar da yara ke ɗauka, ka saita ta yadda ba za a sayi komai ba sai da lambar sirri ko zanen yatsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni daban-daban ba da sanin iyayensu ba. Yaro ɗan shekara shida bai san zinaren allo kuɗin cefane ba ne. Kuma da dala ake lissafin abin tun asali, ka san yadda take da naira.

Na biyar, wanda ya fi sauran wuya: yara suna kallonmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba zai yiwu ka ƙwace waya daga hannun yaro da sunan karatu, sannan ka kishingiɗa kana fasa alewa a gabansa ba. In yaronki ya zo da littafi kika ce masa "bari in gama wannan matakin", ya riga ya koyi abin da ya fi muhimmanci a gidan, kuma ranar da kika kira shi ya ce "bari in gama", kada ki yi mamakin inda ya samo.

Akwai kuma abin da na ga ya fi hani amfani ga yaran da suka fara wayo. Zauna da shi ku buga tare, in allon ƙarin motsi ya fito sai ka tsaya ka tambaye shi: me ya sa suka kawo wannan yanzu, ba ɗazu ba? Wa zai ci riba in mun danna? Babban ɗana ya yi shiru da na yi masa wannan tambaya, can ya ce, "Baba, ashe jira suke mu ji haushi." Tun daga ranar, ko a wasan ƙwallo da na harbi da yake yi da abokansa, shi ke nuna mini inda aka ɗana irin wannan tarko. Yaron da ya gane yadda ake kama shi ya fi wanda aka hana kawai tsira, domin wannan wasa zai wuce wani ya zo, dabarar kuwa tana nan.

To 'yar'uwa mai tuwo, ga amsarki. Waɗanda suka ƙirƙiro shi mutanen Suwidin ne da abokansu na Italiya da Ingila, yau kuma yana hannun Microsoft. Abin da suke sayarwa shi ne kuɓuta daga jiran rabin awa, kuma mutane sun biya sama da dala biliyan 20 a kan haka. Ke ba ki ba su kuɗi ba, kin ba su lokaci, da tukunyar tuwo biyu. Kakanninmu sun ce mahaƙurci mawadaci. A wannan harka maganar ta zauna daram, domin mai iya jira shi kaɗai ne ke buga wasan kyauta da gaske.

Kai fa mai karatu, mataki na nawa ka kai, kuma me ya taɓa ci maka? Wace dabara ce ta yi aiki a gidanku, wacce ce ta ƙi? Ajiye mana a wurin sharhi, ba sai ka sa sunanka ba, ni ma ai kun ji nawa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasannin harbi da samarinmu ke kwana a kai, da su wane ne ke bayansu.

Sai mun haɗu, a huta lafiya.